Leda Talatin

A falon Yayarta ne Malama ta yi rantsuwar, tana tsaye da jaka a kafaɗa, kuɗin gas a dunƙule cikin tafin hannunta.

Karo na uku ke nan cikin wata huɗu da take zuwa aro kafin wata ya ƙare. Yaya ba ta taɓa hana ta ba, amma kuma ba ta taɓa barinta ta fita ba tare da ta ɗanɗana mata magana ba. Ita Yaya daga aji uku na sakandare ta ajiye karatu, yau ga ta da shagon labule da zannuwan gado, ga mota, ga firij biyu. Malama kuwa ita ce mai digiri a gidansu, digirin ma na lissafi.

"Ni abin da ke ɗaure min kai, Auta," in ji Yaya tana miƙe ƙafa a kan kujera, "shekara huɗu Baba yana zuba kuɗi ki koyi lissafi. Yanzu har 'ya'yan mutane kike koya wa. Wai shin lissafin nan, in an tashi daga makaranta, a can ake kulle shi cikin kabad?"

"Yaya, kaya ne suka yi tsada."

"Ni a wata duniyar nake sayen nawa?"

Malama ta ɗaga haɓa. "Wannan ne na ƙarshe. Ranar ɗaya ga wata zan maido miki. Daga nan kuma, wallahi, wata mai zuwa ba za ki ga ƙafata a nan da sunan aro ba. Ba ke ba, ba kowa ba."

"Kayya! Kin rantse fa."

"Na rantse."

Yaya ta tafa hannu tana dariya. "To shi ke nan. Ranar ƙarshen wata zan zo gidanki cin abincin rana. In na tarar da tukunya a kan wuta, babu bashin kowa a cikinta, ni da bakina zan kira ki Yaya."

Ranar ɗaya ga wata albashi ya shigo. Malama ta aika wa Yaya kuɗinta tun kafin ta karya kumallo, ta wuce babbar kasuwa bayan an tashi daga makaranta. Da yamma mijinta ya dawo daga rumfarsa ya tarar da tsakar ɗaki ta zama kanti. Shi mai gyaran fanka ne da dutsen guga da sauran kayan wuta, unguwa duka Injiniya suke ce masa. Abin da yake samu a rumfa shi ke biyan kuɗin haya da maganin mahaifiyarsa. Ci da sha da gas da wutar mita, waɗannan na albashin Malama ne. Haka suka raba tun farkon aurensu.

Ta shimfiɗa tsohon zani, ta jera fararen ledoji a kai layi-layi. Tana auna shinkafa da gwangwanin madara, tana share bakin gwangwanin da rula don kada ƙwaya ɗaya ta yi tozo. Wata ledar shinkafa, wata wake, wata taliya. A cikin kowace ta saka kuɗin ranar a naɗe a takarda: na burodi, na kayan miya, na mota. Sai ta ƙulle, ta rubuta lamba a jiki da jan alƙalamin da take duba jarrabawa.

"Sannu da aiki," in ji Injiniya daga bakin ƙofa. "Mu ne za mu ci, ko rabawa za a yi?"

"Ka cire takalmi ka zo ka ji doka. Kowace rana leda ɗaya. In ta ƙare, ta ƙare. Ba a taɓa ta gobe, ko da gobe ta zo da kanta ta roƙa."

"In na yi baƙo fa?"

"Ka raba naka da shi."

"In na ji yunwa da la'asar?"

"Akwai ruwa a firij."

Ta liƙa wata doguwar takarda a ƙofar firij ɗin, layi talatin, kowane da gurbin da za a yi masa maki. "Wannan takardar kuma, wanda ya taɓa ta ko ya yi mata gyara, ni da shi ne."

Injiniya ya tsaya ya karanta ta daga sama har ƙasa. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi jan alƙalamin da ke hannunta, ya rufe. Sai ya rusuna har ƙasa. "Ranki ya daɗe, Ministar Kuɗi."

Tun daga ranar sunan ya bi ta.

Makon farko ya tafi sumul. Kullum da safe sai ta ɗauko ledar ranar daga kwali, kullum da yamma sai ta yi wa takarda jan maki, da irin ƙarfin hannun da take yi wa ɗalibin da ya ci goma bisa goma. A rana ta tara ne abokan Injiniya biyu suka faɗo daidai lokacin da ake sauke tukunya. Malama ta gaishe su da fara'a, ta kawo musu ruwan sanyi a kofunan baƙi, ta raba kwanon mijinta gida uku. Bayan sun tafi ya zauna yana kallon kwanon.

"Minista, ko cokali huɗu ban kai ba."

"Abokanka ne ai. Ka ci lada."

"Lada ba ta tsayawa a ciki."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Amma da ya fita wanke hannu, ta kwashe rabin nata ta juye masa, ta ce wai ta ƙoshi.

Babbar jarrabawar a ofishin malamai take. Akwai malamar Turanci da ke zuwa da ƙatuwar jaka kowace Litinin, tana sayar da takalma da gyale da turare. Ba ta taɓa cewa a biya yanzu ba, shi ya sa ake ce mata Anti A-Hankali. A rana ta goma sha biyu ta ciro wani takalmi ruwan zuma mai ɗan tudu, ta ajiye shi a kan littattafan da Malama ke dubawa.

"Ƙanwata, wannan da ƙafarki aka auna shi. Saka kawai ki gani, gani kyauta ne."

Malama ta saka. Kamar a ƙafarta aka ƙera shi. Ta taka zuwa taga ta dawo, ta ji har tsayuwarta ta canza. A ƙarƙashin tebur nata tsohon yana kwance, dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya.

"Ki tafi da shi. Ki biya a hankali, sau uku, sau huɗu, ni da ke ba ma haka."

"Anti, a hankalin nan shi ya kai ni inda nake." Ta cire, ta goge shi da gefen gyalenta, ta mayar cikin kwali da hannu biyu. Har aka tashi ba ta ƙara duban ɓangaren da jakar take ba.

A rana ta goma sha biyar aka zagayo da takardar gudummawa, matar maigadin makaranta ta haihu. Babu layin haihuwa a takardar firij. Malama ta ba da kuɗin motarta na kwana biyu, ta taka da ƙafa zuwa da dawowa, tafiyar minti arba'in ta bayan gidan mai da layin masu walda. Da wata abokiyar aikinta ta tsayar da mota za ta rage mata hanya, cewa ta yi likitoci sun ce tafiya tana da amfani.

Ranar ashirin, ranar da a da take shirya kalaman da za ta faɗa wa Yaya, ta tsaya gaban kwali ta ƙirga. Leda goma sha ɗaya, har da ta ranar. Ta ɗauki waya ta aika wa Yaya saƙo: "Ina gaisuwa. Gaisuwa kawai."

Amsa ta dawo nan take: "Muna nan muna jira, 'yar boko."

Ranar Laraba, ashirin da takwas ga wata, ta shiga ofishin malamai tana 'yar waƙa a ranta. Saura leda uku, saura kwana uku. Sai idonta ya faɗa kan sanarwar da shugaban makaranta ya liƙa a allo: kowane malami ya miƙa sakamakon gwaji kafin ranar talatin da ɗaya ga wata.

Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta juya ta dubi kalandar da ke rataye a bayan ƙofa, wadda take wucewa ta gabanta kullum. Ga talatin da ɗaya nan a layin ƙarshe, a ƙarƙashin Asabar, ita kaɗai kamar baƙuwar da ba a gayyata ba.

Shekara biyar tana koyar da lissafin riba da albashi. Kowace tambaya a littafin da jimla ɗaya take farawa: a ɗauka wata kwana talatin ne. Ta rubuta jimlar nan a allo ya fi sau ɗari. Ita ma ta ɗauka. Shinkafa ta kwana talatin ta auna, gas na kwana talatin, wutar mita ta kwana talatin.

Ba ta jira ya dawo gida ba, rumfarsa ta wuce kai tsaye. Ta same shi ya kwantar da wata fanka a cinya yana warware mata waya.

"Injiniya, watan nan kwana nawa ne?"

Bai ɗago ba. "Talatin da ɗaya."

"Ka sani?"

"Tun ranar da kika liƙa takarda."

"Ka sani ka yi shiru kwana ashirin da takwas?"

"Ranki ya daɗe, ke kika ce wanda ya yi mata gyara, ke da shi ne. Ni kuma ina son zaman lafiya." Ya ɗago yana danne dariya, gefen bakinsa na rawa. "Na ce wataƙila wani sabon lissafi ne da ba a koya mana ba."

Ta so ta yi fushi. Ta nemi fushin ta rasa, sai dariya ta ƙwace mata, ta zauna a kan bencin masu jira tana share ido da gyale.

"Bari in ciro daga kuɗin haya," in ji shi da ya ga ta lafa. "Na kwana ɗaya ne. Ranar Litinin mu mayar."

"Mu mayar? Abin da ake mayarwa sunansa aro."

"Kuɗina ne fa."

"Na mai gida ne. Ajiya yake a wurinka." Ta miƙe ta gyara jakarta. "Leda uku, kwana huɗu, ranar ƙarshe baki uku. An taɓa ba ni tambayar da ta fi wannan wuya."

Da ta isa gida ta kwance ledojin ukun. Ɗaya wake ce, biyu shinkafa. Ta raba waken biyu, na yau da na gobe. Ta bar shinkafa ɗaya ta Juma'a, ta ɗebi kashi ɗaya cikin uku daga ciki ta ƙara a ta ƙarshe, ta rubuta mata sabuwar lamba. Sannan ta je gaban firij ta ƙara layi ɗaya a ƙasan takarda da fensir, da ƙananan baƙaƙe.

Alhamis da Juma'a da ƙafa ta je makaranta. Shayi babu madara, burodi yanka ɗaya. Da rana in malamai sun buɗe kwanukansu sai ta ɗauki littattafai ta koma aji, wai surutu na hana ta duba aiki. An kashe firij, an daina guga, fanka sai zafi ya kai maƙura. Injiniya ya ce shi mai gyaran fanka ne da ke fifita da kwali a gidansa, in abokan sana'a suka ji sai sun cire shi daga ƙungiya.

Ranar Asabar da hantsi ta tafi kantin bakin layi da kuɗin motar da ta tara. Ta zaɓi tumatur huɗu, albasa biyu, ƙwai uku. Mai kanti ya lissafa, kuɗin ya gaza da na ƙwai ɗaya.

"Ɗauki mana, Malama. Gobe kya kawo. Yau muka fara?"

Ta dubi ƙwan. Yaya ba za ta taɓa sani ba. Mai kanti ma kafin gobe ya manta.

"A'a. Bar shi ya kwana a wurinka."

"Ikon Allah! Ƙwai ɗaya?"

"Ƙwai ɗaya."

Ta soya miyar da ɗan man da ta tsiyaye daga gindin kwalba, ta dafa ƙwai biyu, ta ɗora shinkafa. Ruwa ya tafasa, shinkafa ta fara kumbura, ƙamshi ya cika kicin. Sai wutar ta yi ja, ta yi ƙasa, ta ɗan yi rawa, ta mutu. Malama ta jijjiga tukunyar gas. Ta kwantar da ita ta gefe. Ta ƙyasta ashana uku. Ko huci babu.

Ta ɗebo ƙwaya ɗaya ta murza a yatsa. Cikinta fari ne, da tauri.

Wayarta ta yi ƙara. "Auta, na baro shago. A shimfiɗa min abin zama."

Injiniya, wanda ya rufe rumfa da wuri don kada a ba shi labari, ya leƙo kicin ya ga yadda take tsaye. Ya zura takalmi ya fita da sauri. Ba a yi minti goma ba ya dawo da wani rishon lantarki a hammata, da 'yar takardar suna ɗaure a wayar rishon.

"Na wane ne wannan?"

"Na matar mai kemis. Jiya na canza masa waya."

"Injiniya, aro ne."

"Gwaji ne. Ni ban taɓa mayar wa mutum kaya ban gwada ba, ki tambayi kowa a layin nan. In ban ga ya dafa abu da idona ba, da wane baki zan ce mata ya gyaru?" Ya jona shi a bango. "Taimakona za ki yi. Kawo tukunya."

Ta auna maganar ta kowane gefe, ba ta sami inda ta karkace ba. Ta ɗora tukunyar.

Rishon ya yi ja. Mitar da ke bayan ƙofa kuma ta fara ƙyafta jan ido tana kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Suka kashe ƙwan kicin, suka zare cajar waya. Daidai nan aka yi sallama.

Yaya ta shigo da ƙamshin turarenta, ta amsa gaisuwar Injiniya a tsaye, ta wuce kicin kai tsaye kamar mai binciken tsafta. Ta ɗaga murfin tukunya, tururi ya bugi fuskarta. Ta mayar. Ta buɗe firij, babu komai sai gorunan ruwa, su ma ba sanyi. Da ta rufe ne ta ga takardar. Ta bi jajayen makin da yatsa har ƙasa, ta tsaya a kan layin fensir.

"Wannan ɗan ƙaramin fa? Me ya sa aka ware shi kamar maraya?"

Injiniya ya juya yana nazarin bango. Malama ta ɗaga haɓa. "Na ɗauka watan kwana talatin ne."

Yaya ta dube ta. Sai ta dafa firij, ta sulale ta zauna a kan bokitin ruwa, tana dariya har da riƙe ciki. "Wayyo Baba! Wayyo kuɗin makaranta! Ni da na tsaya a aji uku ko a gaɓoɓin yatsa na iya ƙirga wata!"

"Ki gama dariyarki. Tukunya dai tana kan wuta."

"Ba bashin kowa?"

"Ki je ki tambayi mai kanti. Har ƙwai na bar masa."

Mita ta yi doguwar ƙara ta ɗauke. Rishon ya fara dushewa. Malama ta buɗe tukunya, ta ɗebo ƙwaya ta murza. Ta narke a yatsanta.

"Rishon matar mai kemis ya gyaru," in ji Injiniya.

A falo suka ci, taga a buɗe, kowa yana gumi. Malama ta sa wa Yaya ƙwai guda, ta raba ɗayan biyu ita da mijinta. Yaya ta lura, ta cinye nata tas.

"Akwai kaya a bayan mota," ta ce tana goge hannu. "Shinkafa da mai da katan ɗin taliya. Na ce ko da na tarar da abin ba daɗi. Injiniya, taimaka ka shigo da su."

Injiniya har ya ɗaga rabin jiki. Malama ta dube shi, ya koma ya zauna.

"A bar su a motar," in ji ta. "Yau in suka shigo, taimako ne. Ki dawo da su gobe, sai su zama kyauta, in karɓa in yi godiya."

"Ki ce in ƙona mai in sake zagayowa gobe saboda taurin kanki?"

"Gadonsa na yi. Gida ɗaya muka fito."

Yaya ta girgiza kai tana murmushi. Ta daɗe tana kallon ƙanwarta, ramar da ta ɗan fito mata a wuya, da yadda ta zauna ƙyam kamar mai jiran sakamako. Sai ta tura kwanonta gaba.

"Akwai ƙari?"

"Sai ƙanzo."

"To a kankaro min." Ta yi gyaran murya, ta kau da kai gefe, ta faɗa can ƙasa-ƙasa. "Don Allah, Yaya."

Malama ta kai hannu bayan kunne. "Injiniya, ka ji wani abu? Ni tun da mitar nan ta yi ta kuka kunnena bai dawo daidai ba."

"Ni ma ban ji sosai ba, ranki ya daɗe."

"Za ku ci gidanku, ku biyun!" in ji Yaya, ta ɗaga murya yadda har maƙwabta sai sun ji. "Yaya! Na ce Yaya! A kawo min ƙanzon nan kafin in fasa!"

Malama ta miƙe a hankali, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta nufi kicin ba tare da ta yi sauri ba.